Jinina bai haɗu da nata ba: shin na yi zunubi?

Tambaya: Baba Fasto, ni mai bi ce, ina zaune a Sabon Tasha. Shekara biyu ke nan uwar adashinmu, wadda muke Zumuntar Mata ɗaya da ita, ta riƙe mini kwasata ta naira dubu 180, har yau rabi kawai ta ba ni. Da na ta da maganar, wasu mata suka ce Yesu ya hana a yi wa kowa hukunci, in yi shiru in bar wa Allah. Na yi shirun, amma gaskiya ba na son ganinta. In ta tashi ba da waƙa a sujada sai raina ya ɓaci. Akwai kuma wata da ba ta taɓa yi mini komai ba, haka kawai jinina bai haɗu da nata ba. Zunubi nake yi? Ya halatta in ci Jibin Ubangiji a haka? Yaya mutum zai ƙaunaci wanda ba ya so?

Amsa: 'Yata, sannu da haƙuri, na kuma gode da kika faɗi abin yadda yake a ranki. Masu bi da yawa suna ɗauke da irin wannan kaya shekara da shekaru, ranar Lahadi a gaisa da murmushi, a koma gida zuciya tana tafasa. Zan fara da matan da suka ce ki yi shiru, domin a ganina shawararsu ce ta kai ki inda kike yau.

Ayar da suka kawo miki gaskiya ce, tana Matiyu 7:1, amma sun tsaya tun maganar ba ta kai ƙarshe ba. Ki buɗe ki karanta har aya ta 5. Yesu ya yi misali da mutumin da yake hango ɗan haki a idon ɗan'uwansa alhali gungume yana nasa idon. Me ya ce masa? Ya fara cire gungumen, sa'an nan zai gani sosai har ya cire hakin. Ashe hakin ma ba a ce a bar shi a ido ba. Abin da aka tsawata shi ne makaho ya ce shi zai yi wa wani aikin ido. A surar nan dai, aya ta 15 da ta 16, ya ce a yi hankali da annabawan ƙarya, da 'ya'yansu za a gane su. Ta yaya za ki gane itace da 'ya'yansa in an hana ki cewa wannan ɗan ruɓaɓɓe ne? A Yohanna 7:24 kuwa umarni ne ya bayar kai tsaye, cewa a daina hukunci bisa ganin ido, a yi hukuncin gaskiya.

Kalmar da aka yi amfani da ita a Helenanci, wato kirino, tana da faɗi. Tana ɗaukar aikin mace mai tsintar shinkafa, tana ware tsakuwa gefe, tana kuma ɗaukar aikin alƙali mai yanke wa mutum ɗauri. Na farkon dole ne ga duk mai hankali. Na biyun, in ana maganar zuciyar mutum da makomarsa, kujerar Allah ce, Yakubu 4:12 ya ce mai ba da doka da mai shari'a ɗaya ne tak. To ga yadda abin yake a maganarki. In kin ce, "Ta riƙe mini dubu 90, ta yi alkawari ba ta cika ba," shaida kika bayar a kan abin da ya faru, ba ki yi laifi ba. In kuwa kika ce a ranki, "Wannan ba mai bi ba ce, waƙarta duk riya ce, Allah ba ya jin ta," kin hau kujerar da ba taki ba. Ina zaton ɓacin ran da kike ji in ta tashi ba da waƙa daga nan yake fitowa. Kin san abin da hannunta ya yi, amma ba ki san abin da ke tsakaninta da Ubangijinta da tsakar dare ba.

Akwai kuma maganar mudu a aya ta 2, cewa da mudun da kuka auna za a auna muku. Duk macen da take cefane ta san mai awon da yake da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Haka muke yi da laifi. Namu muna da dalili: rashin lafiyar yaro ne, albashi ne ya makara. Na wani kuwa halinsa ne kawai. Hausawa sun riga sun faɗa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi ya sa zan tambaye ki: kin taɓa zama da ita, ku biyu, kin ji abin da ya cinye kuɗin? Na sha raba rigimar adashi, kuma sau da dama abin da ake tararwa shi ne wata ta kwasa da wuri ta daina zubi, uwar adashi ta toshe ramin da kuɗin ta gaba, kunya ta hana ta faɗa, rami ya yi ta zurfi. Wani lokaci kuma cin amana ne tsagwaronsa. Ko wanne ne, bashinki yana kanta. Amma Karin Magana 18:13 ya kira ba da amsa kafin a saurara wauta da abin kunya, don haka a ji tukuna.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Kowa ya haddace "ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka", amma kaɗan ne suka san inda aka ɗauko ta. Tana Littafin Firistoci 19:18. Ayar da take gabanta, ta 17, cewa ta yi kada ka ƙi ɗan'uwanka a zuciyarka, sai dai ka tsawata masa a fili. Dubi yadda aka jera su. Maganin ƙiyayyar ɓoye shi ne magana a fili. Wato shirun da aka sa ki yi ba shi ne ƙauna ba, shi ne ma ƙasar da ƙiyayya take tsiro a ciki. Shekara biyu kina haɗiye magana, dole ta zama ƙullutu.

Yesu ya shimfiɗa hanyar a Matiyu 18:15-17. Ki je wurinta ke kaɗai. In ba ta ji ba, ki koma da mutum ɗaya ko biyu. In ta ƙi, a kai gaban ikkilisiya, wanda a tsarinmu yake nufin shugabannin zumunta, daga nan dattawa. Bulus ma a 1 Korintiyawa 6 ya ce abin kunya ne gare su a rasa mai hikima ko ɗaya a cikin masu bi da zai sasanta 'yan'uwa biyu a kan abin duniya. Ki lura, hanyar tana farawa daga ƙofar gidanta ne, ba daga kunnen sauran mata ba. Mu kuwa mun juya abin: kowa ya ji labari a zumunta, a wajen biki, a waya, sai mai laifin ce kaɗai ba a tunkara ba. Wannan gulma ce, ko da an sa mata suna roƙon addu'a.

Zan faɗi wata magana ga 'yan'uwana masu aikin ikkilisiya, domin laifin ba na mata kaɗai ba ne. Mun bar "kada ku yi hukunci" ta zama murfin rufe tukunyar masu hali. Yarinya marar gata ta yi ciki, kafin mako biyu an sanar da horonta a gaban jama'a. Mai babban baiko ya danne haƙƙin gwauruwa, sai a tuna ba a hukunci. Wannan shi ne mudu biyun da Ubangiji ya hana. Natan bai yi wa Dawuda shiru ba don yana sarki, Bulus kuma ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya, yana nan a Galatiyawa 2. Sharaɗin da Galatiyawa 6:1 ta sa shi ne a yi gyaran da tawali'u, mai gyaran yana lura da kansa, da nufin a dawo da wanda ya faɗi.

Sai mace ta biyu, wadda ba ta yi miki komai ba. A nan ki kwantar da hankalinki. Ban san ayar da ta ce dole jininki ya haɗu da na kowa ba. Allah ya yi mu iri-iri, wata mai surutu ce, wata shiru-shiru, kuma zo mu zauna zo mu saɓa ne. Ubangiji da kansa yana da almajirai goma sha biyu, amma Bitrus da Yakubu da Yohanna ya fi ja kusa. A cikin sha biyun akwai Matiyu da ya yi wa Romawa aikin karɓar haraji, akwai Siman Zaloti, wato mai kishin ƙasa, kuma ba sai an gaya miki irin kallon da mai kishin ƙasa yake yi wa mai karɓar harajin baƙi ba. Bulus da Barnaba sun yi saɓani mai zafi a kan Markus har suka raba hanya, Ayyukan Manzanni 15 ba ta ɓoye ba. Bayan shekaru, Bulus ɗin nan ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi.

Sai dai kada ki bar "haka kawai" ta wuce ba bincike. A abin da na gani, ba kasafai yake zama haka kawai ba. Wani lokaci hassada ce ta sa hijabi, ita tana da abin da kike nema. Saul bai tsani Dawuda don wani laifi ba, waƙar mata ce ta fifita shi. Wani lokaci tana kama da wata da ta taɓa cutar da ke. Wani lokaci kuma, mu faɗi gaskiya, ƙabila ce. A majami'a ɗaya a Kaduna za ki tarar da Bajju da Atyap da Gbagyi da Adara da Ham da Hausawa, ana waƙa da Hausa baki ɗaya, amma kowa yana da abin da aka raɗa masa tun yana yaro game da mutanen wancan gari. In kin bincika kin tarar da ɗaya daga cikin waɗannan, shi ne abin tuba. In ba ki tarar da komai ba sai bambancin hali, ki gaishe ta da sakin fuska, ki ba ta haƙƙinta, ba dole ta zama aminiyarki ba.

Yadda za ki san ko rashin haɗuwar jini ya rikiɗe ya zama ƙiyayya ba shi da wuya. In kika ji wani abu ya same ta, wani sanyi yakan ratsa zuciyarki? Karin Magana 24:17 ta hana murna da faɗuwar maƙiyi ma, balle 'yar'uwa. In ana zaginta, kunnenki yakan miƙe? In an yabe ta, kikan ji dole sai kin ƙara "amma"? Kina canza hanya don kada gaisuwa ta haɗa ku? Wannan ita ce gaba, kuma 1 Yohanna 4:20 ba ta sassauta ba: wanda ya ce yana ƙaunar Allah yana ƙin ɗan'uwansa, maƙaryaci ne.

To yaya ake ƙaunar wanda ba a so? Masu wa'azi sukan ce amsar tana cikin kalmar agape, wai ita ce ƙauna irin ta Allah. Ni ba na ɗora nauyin duka a kan kalmar, domin da ita aka ce Dimas ya ƙaunaci duniyar nan ya yashe Bulus, a 2 Timoti 4:10. Na fi dogara ga yadda Yesu ya fassara umarninsa da bakinsa a Luka 6:27-28: ku yi wa masu ƙinku alheri, ku sa wa masu la'antarku albarka, ku yi wa masu wulaƙanta ku addu'a. Duka ukun aiki ne, na hannu da na baki da na gwiwa. Ba wanda zai iya umartar zuciyarsa ta ji daɗin wani, amma kowa yana iya ɗaga hannu ya taimaka. Tun a Fitowa 23:5 aka ce in ka ga jakin maƙiyinka ya faɗi da kaya, kada ka wuce, ka taya shi ɗagawa. Ba a tambayi yadda kake ji game da mai jakin ba. Basamariyen Luka 10 ma, mutumin da ya ɗauka daga bakin hanya ɗan al'ummar da ba sa ga maciji da tasa ne, amma ya zuba masa mai da ruwan inabi, ya ɗora shi a dabbarsa, ya biya dinari biyu. Idan ɗan uwar adashin nan ya kwanta asibiti, ki dafa kunu ki kai. Ki ambaci sunanta a addu'a, ba addu'ar Allah ya tona mata asiri ba, ta Allah ya buɗa mata ya gyara ta. Da farko za ki ji kamar kina tauna tsakuwa. Na ga mutane da yawa da zuciyarsu ta biyo bayan hannunsu a hankali, na kuma ga waɗanda har suka tsufa ba su ji wani ɗumi ba, amma ba su fasa alherin ba. Ban ga dalilin cewa na biyun sun gaza ba.

Za ki ji ana cewa a ƙi zunubi a ƙaunaci mai zunubi. Ba aya ba ce, asalinta daga wata wasiƙar Agustin ne, bishop na Hippo, garin da yake Aljeriya ta yau. Maganar tana da kyau, sai dai mun fi ƙwarewa a rabinta na farko. Ma'auninta shi ne ko shi mai zunubin ya taɓa ganin ƙaunar da idonsa. Matar da aka kama da zina a Yohanna 8 ta ji "kada ki ƙara yin zunubi" daga bakin wanda ya riga ya tsaya tsakaninta da duwatsu.

Kada kuma a rikita miki gafara da amana. Gafara ita ce ki sauke niyyar ramuwa, ki daina fatan sharri. Amana kuwa ginata ake yi, wanda ya rushe ta shi zai sake ɗora tubali. Yusufu bai rama wa 'yan'uwansa ba, amma sai da ya gwada su a kan Biliyaminu kafin ya bayyana kansa. Dawuda ya bar Saul da rai a kogo, Saul ya yi kuka, duk da haka da aka rabu Saul ya tafi gida, Dawuda ya koma maɓoyarsa. Saboda haka kina iya yafe mata sarai ki kuma ƙi sake zuba adashi a hannunta, har ki ba da shawara kada a ba ta ajiyar kuɗin zumunta sai ta warware wannan. Kare ta ne daga jarraba, kare sauran mata ne kuma. Dubu 90 ɗin haƙƙinki ne. In kin ga dama ki bar mata, kyauta ce daga gare ki, ba wanda zai tilasta miki da aya. Zakiyus da ya tuba, mayar da abin mutane ya yi har ninki huɗu.

Ba zan rufe ba sai na taɓo abin da ya shafe mu duka a garin nan, domin iri ɗaya ne, gona ce kawai ta fi girma. Mu da muka ga rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 mun san yadda aka yi kogin Kaduna ya zama iyaka, Kirista suka tattara zuwa Sabon Tasha da Television da Narayi da Romi, Musulmi suka koma Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Yaran da aka haifa bayan nan da yawa ba su taɓa cin tuwon sallah a gidan maƙwabci ba, abin da suka sani game da ɗaya ɓangaren labari ne. A nan hukuncin da Yesu ya hana ya fi samun wurin zama, wato kuɗin goro: "ai duk halinsu ɗaya". Ni kaina na yi shekaru ina wa'azin ƙauna alhali in na hau gada zuwa cikin gari sai in ji ƙirjina ya ɗaure, ina kallon kowane mai wucewa kamar shi ya ƙona gidajen membobina. Ban san su ba, na riga na yanke musu. Wannan gungume ne, kuma sai da na kira shi da sunansa a gaban Allah kafin ya fara motsi.

Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sasanci a nan Kaduna, suna kuma cikin waɗanda suka yi aikin da ya kai ga yarjejeniyar zaman lafiya da shugabannin addinan biyu suka sa wa hannu a Agustan 2002. Abin da ya sa na kawo su shi ne, Wuye ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya yi shekaru yana aiki tare da Ashafa alhali tunanin ramuwa bai bar shi ba. Aikin ya riga zuciyar tafiya. Wannan ba ya nufin a yi shiru a kan mugunta. Iyayen ɗaliban makarantar Bethel Baptist da aka sace a Yulin 2021 ba su yi zunubi ba da suka nemi a kama masu laifi a hukunta su, Romawa 13 ta ba hukuma wannan aikin. Abin da Romawa 12:19 ta karɓe daga hannunmu shi ne ramuwa, abin da Matiyu 7 ta hana kuma shi ne ɗora laifin mutum goma a kan mutum miliyan.

Game da Jibin Ubangiji, ba a shirya teburin don waɗanda suka gama gyaruwa ba. 1 Korintiyawa 11:28 cewa ta yi mutum ya gwada kansa, sa'an nan ya ci. Wadda take kokawa da zuciyarta kamar ke, tana son ta yi daidai, ta zo ta ci, tana bukatarsa. Wadda ta ƙudura cewa ba za ta yafe ba har abada, ita ce ya kamata ta dakata. Amma tun da Matiyu 5:23-24 ta sa sulhu gaba da baiko, kada ki bari Jibi na gaba ya zo ba ki taka ƙofarta ba. Ki zaɓi lokacin da mijinta da yara ba sa kusa, kada ki aika saƙon waya, ki je da ƙafarki. Bayan gaisuwa ki ce mata, "Maman yara, na zo ne a kan sauran kuɗin nan. Na yi shiru shekara biyu, shirun ya sa na fara riƙe ki a zuciya, ba na son haka. Ki gaya mini abin da ya faru, mu ga yadda za a yi." In ta kawo uzuri na gaskiya, ku yanka abin da za ta iya biya duk wata, ko dubu biyar ne, a rubuta a gaban shugabar zumunta. In ta rufe miki ƙofa, ki koma da dattijuwa ɗaya wadda ku biyun kuke jin nauyinta, daga nan kuma maganar ta zama ta dattawan ikkilisiya.